An ce a sa wa ɗana zobe a cikin ido, wa ya taɓa yi?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a zauren nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai dole ta sa. Ɗana shekararsa 17. Tun yana 14 muke canza masa tabarau, kusan duk bayan wata shida sai a ce lambar ta ƙaru, kuma ko an yanko sabo sai ya ce rubutun allo da inuwa yake ganinsa, fitilar mota da dare kuma jela take yi masa. Makon jiya aka ɗauki taswirar idon, wato hoton da na'ura ke ɗauka mai nuna siffar saman ido, likita ya ce keratokonas ne, kuma na dama ya fi na hagu taɓuwa. Ya ce koniya, wato shimfiɗar nan mai haske kamar gilashi da ke rufe baƙin ido, ita ce ta yi siriri ta turo gaba ta yi tsini. Sai ya kawo maganar a sa masa zobe a cikinta. Wallahi tun da na ji an ce zobe a cikin ido barcina ya ragu. Don Allah wanda aka taɓa yi wa ya faɗa mini gaskiya: yana warkar da ciwon? Akwai zafi? In bai karɓe shi ba ana iya cirewa?

Bashir:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ni an sa mini a ido biyu, yau shekara shida. Aikin bai kai minti ashirin ba, maganin kashe zafi kawai aka ɗiga mini, idona biyu ina jin duk abin da suke faɗa. Kwana biyu na yi ina jin kamar yashi ya shiga, daga nan shi ke nan. Kafin aikin ko da tabarau ba na iya karanta lambar motar da ke gabana, yanzu da tabarau mai sauƙi nake tuƙi. Ni dai zoben nan ya warkar da ni. Ki yarda a yi masa.

Ummu Aisha:
Allah ya ba shi lafiya. Tambayata, zoben na ƙarfe ne? Ana ganinsa in an kalli mutum?

Bashir:
A'a, ba ƙarfe ba ne, wata roba ce mai tauri, garau take kamar gilashi. Kuma ba zobe cikakke ba ne, ɓari biyu ne kamar jinjirin wata. Sai mutum ya matso kusa sosai cikin haske zai hango wani ɗan siririn layi. Matata ma sai da na nuna mata.

Malam Nura:
Hajiya sannu da jinya, Allah ya sa kaffara ne. Aikina gwajin ido da haɗa tabarau, ba ni nake yin tiyata ba, amma masu wannan lalura suna bi ta hannuna kafin aiki da bayansa. Ina taya Malam Bashir murna, sai dai akwai kalma ɗaya a maganarsa da ba zan bari ta wuce ba, ita ce "warkar". Zobe ba ya warkar da keratokonas, kuma ba don ya tsayar da shi ake sa shi ba.

Matsala biyu ce a idon Khalil, kuma kowace da maganinta. Ta farko, siffar koniya ta karkace, shi ya sa haske ba ya taruwa wuri ɗaya, tabarau kuma ya kasa gyara gani. Ta biyu, naman koniyar kansa ya yi rauni, yana ci gaba da saki. Zobe na matsalar farko ne. Kaurin koniya lafiyayya a tsakiya bai wuce rabin milimita da ɗan kaɗan ba, wajen maikuron 540. Likita zai huda siririyar hanya a cikin wannan kaurin, a zurfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, yawanci da na'urar hasken leza, sai ya zura ɓarin zoben a gefe, nesa da tsakiyar da ake gani ta ciki. Idan gefe ya yi kauri sai tsakiya ta ɗan kwanta, tsinin ya ragu. Wani likita mai suna José Barraquer da ya yi aiki a Kolombiya shi ya daɗe da bayyana wannan ƙa'idar. Ki ɗauka kamar rumfar yadi ce ta yi tumbi a tsakiya, aka ja gefunanta ta miƙe. Yadin dai yana nan da rauninsa.

Matsala ta biyu kuwa aikin da ake kira kuros-linkin ne maganinta. Ana jiƙa koniya da ribofilabin, wato bitamin B2, sannan a haska mata wani haske na musamman, zarurrukan cikinta su ƙara ɗaurewa da juna ta yi ƙarfi. A Dresden ta Jamus aka ƙirƙiro shi, aka wallafa sakamakon farko a 2003, Amurka kuma ta amince da shi a 2016. Ga yaro ɗan shekara 17 da lambarsa ke canzawa duk wata shida, wannan ce tambayar farko da zan yi wa likita, kafin a zo kan zobe.

Maman Khalil:
Malam na gode. Kamar ya ambaci wani abu mai kama da wannan, amma a lokacin kaina ya ɗauki zafi, zoben kawai na riƙe.

Bashir:
Malam Nura ina girmama iliminka, amma ni ba a yi mini wannan kuros-linkin ɗin ba, kuma shekara shida ke nan taswirar idona ba ta motsa ba. Duk shekara ina zuwa a duba. In zobe ba ya tsayar da ciwo, me ya tsayar da nawa?

Malam Nura:
Shekararka nawa lokacin da aka sa maka?

Bashir:
33.

Malam Nura:
To ka ga inda maganar take. Keratokonas yakan fara ne wajen balaga, ya yi gudu a shekarun samartaka da na ashirin, sannan a wurin mafi yawan mutane ya lafa tsakanin talatin da arba'in, domin koniya da kanta tana ƙara tauri in shekaru suka ja. Mai yiwuwa ne ƙwarai naka ya riga ya tsaya kafin a sa zoben, likitanka ya ga haka a taswira shi ya sa bai ga buƙatar ƙarfafa ta ba. Abin da ya dace da kai aka yi maka. Amma idon ɗan 17 ba idon ɗan 33 ba ne, yana da shekaru goma sha da yawa a gabansa waɗanda ciwon ke iya gudu a cikinsu.

Bashir:
Na ji wannan, amma ban gamsu gaba ɗaya ba. Na karanta likitocin da ke cewa zoben yana tallafe koniya kamar ginshiƙi. Ba za a ce bai taimaka ko kaɗan ba.

Malam Nura:
Akwai masu wannan ra'ayin, musamman game da zobe cikakke irin MyoRing wanda wani likita ɗan Ostiriya, Albert Daxer, ya fito da shi. Amma an sha ganin matasa da aka sa wa ɓarin zobe kaɗai, gani ya gyaru shekara ɗaya ko biyu, sannan tsinin ya ci gaba da fitowa. Ba zan jingina idon yaro a kan "mai yiwuwa ya taimaka" ba alhali ga aikin da aka yi shi musamman don tsayarwa.

Zulaihat:
Ni ce irin matasan da Malam yake faɗa. Ban cika son ba da labarin nan ba amma Anti Maman Khalil ta nemi gaskiya. Ina da shekara 19 aka sa mini ɓari biyu a idon hagu, ba a yi mini maganar ƙarfafa koniya ba ko da wasa. Wata shidan farko na ji daɗi sosai, har na rage ƙanƙance ido in zan karanta saƙo a waya. A shekara ta biyu gani ya fara komawa baya. A ta uku sai idon ya riƙa ja yana hawaye, ina jin kamar wani abu na soka ta. Ashe naman da ke saman ɓari ɗaya ne ya sirance, bakin zoben ya leƙo waje. Aka cire shi a ranar da aka gani saboda tsoron ƙwayar cuta ta bi ta wurin. Cirewar ba ta yi wuya ba, wannan kam gaskiya ne, amma ya bar mini ɗan tabo a gefe, kuma a cikin shekaru ukun nan koniyar ta ƙara siriri har sai da aka yi ta shawara ko za a iya yi mini kuros-linkin ɗin. Alhamdulillah an samu an yi. Ban ce zobe ba shi da kyau ba, ɗaya ɓarin yana nan a idona har yau. Abin da ke ci mini rai shi ne na ɗauka an gama da ciwon, na daina zuwa dubawa, kuma ban daina murza ido ba domin ba wanda ya ce mini in daina.

Ummu Aisha:
Subhanallah. Sannu Zulaihat, Allah ya ƙara sauƙi.

Maman Khalil:
Zulaihat 'yata, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Khalil tun yana ƙarami idonsa ke ƙaiƙayi, da bayan hannu yake murzawa har sai ya yi ja. In ya tashi daga barci murza, in ya yi karatu murza. Ni kuma ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. Kenan sakacina ne ya jawo?

Malam Nura:
Hajiya kada ki ɗora wa kanki. Yara nawa ke murza ido ba su samu wannan ba? Akwai gado a ciki, akwai yanayin halittar koniyar mutum. Amma gaskiya ne murza ido na daga cikin manyan abubuwan da aka tabbatar suna tafiya tare da ciwon, har wani likitan ido a Faris, Damien Gatinel, yana ganin in babu murza da wuya tsinin ya fito. Ba kowa ya bi shi har can ba, amma ban san likitan da zai ce a ci gaba da murzawa ba. Abin yi yanzu shi ne a magance ƙaiƙayin daga tushe. Cewa yaro "daina" kawai ba ya aiki in idon na cinsa. Akwai magungunan ɗigawa na borin jini da likita zai rubuta, da sanya tsumma mai sanyi a kan ido in ya motsa. Ki lura kuma da yadda yake kwanciya, in yana danne idon dama a matashi ko a hannu, a gyara. Gargaɗi ɗaya: kada a sayi maganin ɗigawa mai sitiroyid a riƙa amfani da shi ba da sanin likita ba. Yana kashe ƙaiƙayi nan take, amma in aka daɗe a kansa yana iya ɗaga matsin ido ya kawo gilokoma, ciwon da ke kashe jijiyar gani, ko yanar ido.

Maman Khalil:
Wallahi a gefen dama yake kwana, fuskarsa cikin matashi.

Sadiq:
Ni ina da ra'ayi daban da kowa, ku yi haƙuri. Me ya sa ake gaggawar zuwa zobe? Ni nawa ya fi na mutane da yawa tsanani, an yi mini kuros-linkin a ido biyu, sannan aka gwada mini babban kontak mai tauri, wato ɗan gilashin gyaran gani da ake ɗorawa a kan ido kai tsaye, irin wanda ke zama a kan farin ido ya yi wa koniya rumfa ba tare da ya taɓa ta ba. Ana cika shi da ruwan gishiri na musamman kafin a sa, ruwan ya cike duk inda ya karkace. Ranar da aka fara sa mini na ga ganyen bishiya ɗaiɗai, sai da na yi hawaye. Babu zoben da zai ba mutum irin wannan ganin, ku tambayi Malam Nura. Kuma in bai yi ba cire shi kawai za ka yi, ba a huda maka komai ba.

Malam Nura:
Ta fuskar kaifin gani Sadiq ya yi gaskiya. Kontak mai tauri, ƙarami ko babba, yawanci ya fi zobe ba da gani mai kyau, domin sabuwar fuska mai santsi yake yi wa idon gaba ɗaya. Zobe rage karkacewa yake yi, ba ya share ta. Mafi yawan waɗanda aka sa wa suna ci gaba da sa tabarau ko kontak, sai dai tabaran da da ba ya aiki yanzu ya koma yana aiki.

Bashir:
To amma Sadiq ka faɗi ɗaya ɓangaren ma. Ni sai da na shekara biyu ina fama da kontak kafin zobe. Ƙaramin yana faɗuwa, babban kuma bayan awa biyar idona ya yi jajir. Kullum sawa, cirewa, wankewa. Ranar da idonka ya yi ciwo ba ka iya sawa, ranar kai da makaho ba ku da maraba. Ni yanzu in na farka cikin dare ina ganin hanya ba tare da na nemi komai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sadiq:
Ban musa ba. Akwai wahala, kuma tsafta dole ce, ko ruwan famfo ba a yarda ya taɓa shi ba saboda wata ƙwayar cuta da ke cin koniya. Abin da nake cewa shi ne a gwada kafin a yanke hukunci. Wasu ba a ma taɓa gwada musu ba ake kai su ɗakin tiyata.

Zulaihat:
Ni ma yanzu babban kontak nake sawa a kan idon da ke da ɓarin zoben. Ba kishiyoyi ba ne, ana haɗa su.

Baba Ɗanlami:
Ni tsoho ne, jikata ce ke da wannan ciwon shi ya sa nake bibiya. Abin da ke damuna shi ne roba a cikin naman ido shekara da shekaru. Jiki ba ya ƙin ta? Ba ta narkewa ko ta ruɓe?

Malam Nura:
Baba barka da ƙoƙari. Wannan robar, PMMA ake ce mata, tana cikin abubuwan da aka fi daɗewa ana sawa a ido. Lokacin yaƙin duniya na biyu wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin murfin jirgi ya shiga idonsu, idon ba ya tayar da kumburi a kansa. Daga nan ya yi tunanin yin ƙwayar ido ta roba da irinta, ya fara dasa ta a Landan a 1949, wanda shi ne asalin aikin yanar ido na zamani. Saboda haka ba ta ruɓewa ba ta narkewa, kuma da yake ba ƙarfe ba ce ba ta hana shiga na'urar hoton MRI. Matsalolin da ake samu ba daga ƙin jiki suke zuwa ba galibi. Ko dai an sa shi bai yi zurfi ba, ko koniya ta yi siriri a wurin, ko ana murzawa, sai ya gusa ko ya leƙo kamar na Zulaihat. Akwai shigar ƙwayar cuta, ba ta da yawa amma in ta faru abin gaggawa ne. Akwai ganin kewayen haske a jikin fitila da dare, musamman ga wanda ƙofar tsakiyar baƙin idonsa ke buɗewa sosai in duhu ya yi. Wani lokaci kuma fararen ɗigo suna taruwa a gefen zoben, su yawanci ba sa cutarwa.

Baba Ɗanlami:
Madalla. Allah ya yi albarka, ka cire mini wani nauyi.

Usman:
Bashir, wane iri aka sa maka? Na ga sunaye da yawa har na rikice.

Bashir:
Keraring, haka aka rubuta a takardata.

Malam Nura:
Sanannun su ne Intacs, da Ferrara, da Keraring. Intacs asalinsa ma ba don keratokonas aka yi shi ba, a 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don masu ƙaramar matsalar rashin ganin abin da ke nesa da kyau. Wani likitan Faransa, Joseph Colin, shi ya gwada shi a kan keratokonas ya wallafa a 2000, sannan a 2004 Amurka ta ba da izinin amfani da shi a wannan ciwon. Ferrara sunan likitan Birazil ne da ya ƙirƙiro shi, Paulo Ferrara, Keraring ma daga Birazil yake. Waɗannan biyun sun fi matsowa kusa da tsakiya, don haka sukan fi kwantar da tsini, amma kuma sun fi kusa da inda haske ke shiga. Ni dai ba na ba mutum shawara ya je yana neman wani suna. Taswirar ido ce ke nuna kauri nawa, tsawon baka nawa, ɓari ɗaya ko biyu, a wane gefe. Hannun da ya saba da aikin ya fi sunan da ke jikin kwali.

Usman:
Abin da ya sa na tambaya, an yi wa ƙanena maganar wani sabo da ba roba ba, wai daga koniyar mutum ake yankowa.

Malam Nura:
Shi ne CAIRS. Wata likita a Chennai ta Indiya, Soosan Jacob, ta fito da shi, an wallafa shi a 2018. Ana yanko siririn yanki daga koniyar da aka ba da gudummawa, a zura shi a hanyar da da za a sa roba. Da yake nama ne mai laushi, ana sa ran matsalar leƙowa waje za ta ragu, kuma ana iya sa shi bai kai zurfin na roba ba. Sai dai sabo ne in aka gwada da na roba da ya haura shekara ashirin ana bin sawunsa, kuma sai inda ake da ma'ajiyar koniya da likitan da ya koyi aikin.

Sadiq:
Wani abu da ba a faɗa ba tukuna: kada wanda ke da wannan ciwon ya yarda a yi masa LASIK, wato aikin gyaran gani da leza, don ya rabu da tabarau. Aikin yana rage kaurin koniya ne, ita kuma da ma ta yi siriri. Wani abokina sai a wurin gwajin LASIK ɗin aka gano yana da keratokonas, Allah ya taimake shi aka ɗauki taswira kafin a taɓa shi.

Maman Khalil:
To yanzu in an ce duka biyun za a yi wa Khalil, wanne ake farawa da shi? Kuma in aka ƙi yin komai, makancewa zai yi? Wannan ce tambayar da nake tsoron yi tun ɗazu.

Malam Nura:
Keratokonas ba ya kashe jijiyar gani, ba irin gilokoma ba ne, mutum ba ya shiga duhu. Amma in aka bar shi ya yi nisa, gani na iya lalacewa har tabarau da kontak su kasa, koniya ta yi tabo a tsakiya, wani lokaci shimfiɗar cikinta ta tsage ruwa ya shiga ta yi fari fat cikin kwana ɗaya. A nan sai dashen koniya, wanda aiki ne babba mai ɗinki da doguwar jinya. Kuma in tabo ya riga ya zauna a tsakiya zobe ba shi da amfani, domin matsalar ta wuce ta siffa. Shi ma kuros-linkin na asali yana son kaurin da ya kai wajen maikuron 400. Kin ga jinkiri yana rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya.

Batun wanne ake farawa da shi, likitoci sun bambanta. Da yawa sun fi son a sa zobe tukuna, tun koniya na da laushin da za ta karɓi sabuwar siffa, sannan a ƙarfafa ta a kan wannan siffar, ko a rana ɗaya ko bayan 'yan watanni. Wasu kuma in ciwon na gudu sosai a yaro sukan fara tsayar da shi. Wannan hukuncin na wanda ya ga taswirar ne. Abin da zan roƙe ki, ki koma da tambayoyinki a rubuce. Ciwon na ci gaba ne, kuma da me aka gane? Nawa ne kaurin wuri mafi siriri? Akwai tabo? Da tabarau mafi kyau layi nawa yake karantawa a kowane ido? An gwada kontak mai tauri? In aka sa zobe, wane irin gani ake sa rai, kuma yaushe za a ƙarfafa koniyar? Ki tambaya har da idon hagu, kada a manta da shi don ya fi kyau. Shi ne ma ya fi cancantar a tsare tun bai lalace ba.

Zulaihat:
Anti ki shirya masa rai kuma, kuros-linkin ya fi zobe zafi. Ni kwana uku na yi a ɗaki mai duhu ina hawaye, saboda ana kankare fatar saman koniya kafin a ɗiga maganin. Bayan nan ya wuce. Gara ya sani tun yanzu da ya ji ba zato.

Ummu Aisha:
Yana da ƙanne? Tunda an ce akwai gado.

Maman Khalil:
Biyu, mace 'yar 13 da namiji ɗan 10. Macen ma tana sa tabarau.

Malam Nura:
A ɗauki taswirar idonta ita ma, gwajin tabarau kaɗai ba ya kama shi da wuri. Da ana cewa mutum 1 cikin 2,000 ke da shi, amma da na'urori suka inganta, wani bincike a Holan a 2017 ya samu wajen 1 cikin 375. Da yawa suna yawo da shi ana ta canza musu gilashi.

Bashir:
Hajiya, na sake karanta abin da na rubuta da farko. Na janye kalmar warkarwa. Amma ina nan a kan cewa in likita ya ga ya dace, kada tsoron kalmar zobe ya hana ki. Ni ya canza mini rayuwa.

Sadiq:
Ni kuma ina nan a kan a gwada masa kontak tukuna.

Maman Khalil:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani kamar yadda na yi alkawari a raina. Jiya muka koma da takardar tambayoyi. Likita ya zauna ya nuna mini taswirar, ashe tun farko ya faɗi maganar kuros-linkin, ni ce ban riƙe ba. Ya ce idon hagu da tabarau yana gani da kyau, don haka ƙarfafa shi kawai za a yi, babu zobe. Na dama babu tabo kuma kaurinsa ya isa, shi ne yake ganin zobe zai taimaka, tare da ƙarfafawar. Na kawo maganar Sadiq, ya ce ba laifi, ya tura mu a gwada babban kontak a idon dama ranar Litinin, in Khalil ya iya zama da shi za a iya ɗage zoben a yi ƙarfafawar kaɗai. Amma ya ce ba za a yi wa idon tiyata ba sai ƙaiƙayin ya kwanta, ya rubuta maganin ɗigawa na mako huɗu. An ba ƙanwarsa ranar ɗaukar taswira ita ma. Zulaihat, na karanta wa Khalil labarinki, ya yi shiru, da dare na leƙa na ga ya juya ya kwanta rigingine.

Zulaihat:
Allah ya sa a yi a sa'a Anti. Ki ce masa makon farko na kontak ɗin sawa ke ba da wuya, kada ya yanke hukunci a rana ɗaya. Ya sunkuyar da kai sosai a kan madubi, kuma ya cika ruwan har ya tumbatsa, in ba haka ba kumfa za ta shiga.

Baba Ɗanlami:
Malam Nura, in ba damuwa ka sake turo jerin tambayoyin nan su kaɗai, zan kwafa wa mahaifiyar jikata. Ranar Alhamis za su ga likita.